Ciwo a ƙirjin hagu, amma likita ya ce ba zuciya ba ce

Tambaya: Likita, shekaruna 34, kuma ina ɗaga ƙarfe don motsa jiki. Mako 2 ke nan nake jin ciwo a ƙirjina na hagu, musamman in na ɗaga hannu ko na ja dogon numfashi. An yi mini gwajin zuciya a asibiti, aka ce lafiyarta ƙalau, sai dai na ji likitan yana ambaton "fektoralis" da "kostokondiraitis". Me waɗannan suke nufi? Ashe ban da zuciya da huhu akwai wani abin da zai yi ciwo a ƙirji?

Amsa: Akwai, Malam, da yawa ma. Kafin hannu ya kai ga zuciya sai ya ratsa fata da kitse da tsoka da ƙashi da guringuntsi, kuma kowannensu yana iya yin ciwon kansa. Likitoci suna kiran waɗannan gaba ɗaya bangon ƙirji, kuma kalmomin nan biyu da ka ji duk a wannan bango suke.

Mu fara da ƙashi, don a kansa komai ya ɗoru. Mutum yana da haƙarƙari 24, wato 12 a kowane gefe, mace da namiji duk ɗaya. Ta baya kowanne ya haɗu da ƙashin baya. Ta gaba kuwa sun bambanta. Bakwai na sama suna isa ƙashin tsakiyar ƙirji, amma ba ƙashi da ƙashi suke haɗuwa ba, guringuntsi ne ya haɗa su. Na 8 zuwa na 10 sun rataya ne a guringuntsin na samansu, na 11 da na 12 kuma ba su kama komai ta gaba ba. Guringuntsin nan shi ke bai wa ƙirji damar buɗewa da tsukewa. Da ƙashi ne zalla, da numfashi ya zama aiki ja. Shi kuma ƙashin tsakiya, wanda likitoci ke ce wa sitanam, yana ƙarewa daga ƙasa da ɗan tsinin da ake kira ƙahon zuciya, wanda wasu kan lalubo su tsorata, su zaci ƙari ne ya fito musu.

To, kostokondiraitis kalmomi 3 ne aka harhaɗa. Kosta haƙarƙari ne a harshen Latin, kondiros guringuntsi ne a harshen Girka, aitis kuma a ƙarshen sunan cuta yana nufin kumburi. Ke nan kumburin guringuntsin da ya haɗa haƙarƙari da ƙashin tsakiya. Alamarsa ita ce mutum zai iya nuna wurin da yatsa ɗaya, a gefen ƙashin tsakiya, in an danna kuma ya zabura. Tari mai tsanani ko ɗaukar kaya mai nauyi kan jawo shi, sau da yawa ma ba a gano dalili.

Fektoralis kuwa daga fektus ta fito, wato ƙirji. Tsoka biyu ne ke da wannan suna a kowane gefe. Babbar ita ce wadda kake ƙoƙarin ginawa in ka kwanta rigingine kana tura ƙarfe sama. Ta taso daga ƙashin wuya mai kwance zuwa kafaɗa, da ƙashin tsakiya, da guringuntsin haƙarƙarin sama, sannan ta tattaru ta je ta kama ƙashin damtse daga sama. A nan ne abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: zamanta a ƙirji yake, amma hannu take yi wa aiki. Ita ke jawo hannu zuwa jiki, ta kai shi gaba, ta murɗa shi ciki. Shi ya sa ɗaga hannu ke tayar maka da ciwon. Naman da kake iya damƙa a gaban hammatarka gefenta ne na ƙasa. A jikin mace, nono a kan wannan tsoka yake zaune, shi kansa ba tsokar da za a gina ba ne, don haka motsa jiki yana ƙarfafa abin da ke ƙarƙashinsa ne kawai.

Ƙaramar fektoralis tana ɓoye a ƙarƙashin babbar, daga haƙarƙari na 3 zuwa na 5 ta haura ta kama wani ɗan tsinin ƙashi a allon kafaɗa. Akwai kuma seratus a gefen ƙirji, wadda ta samo suna daga haƙoran zarto saboda yadda ta kama haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya. Aikinta manne allon kafaɗa da jiki. In jijiyarta ta samu rauni, sai ka ga allon ya turo waje in mutum ya tura bango da hannu.

Sai tsokar numfashi, wadda a ganina ta fi cancanta a san ta. Tsakanin kowane haƙarƙari da maƙwabcinsa akwai siririyar tsoka hawa 3, ana ce musu intakostal, wato tsakanin haƙarƙari. Gurbi 11 ne a kowane gefe. Su ma suna gurɗewa, kuma in sun gurɗe atishawa kaɗai ta isa ta sa mutum ya dafe gefensa. A ƙarƙashin kowane haƙarƙari jijiyoyin jini da jijiyar saƙo suke bi, shi ya sa in likita zai zuƙe ruwa daga ƙirji yake soka allura ta saman haƙarƙari, ba ta ƙasansa ba.

Amma babbar mai aikin ita ce dayafaram, faffaɗar tsokar da ta raba ƙirji da ciki, mai siffar ƙwarya a kife. In ta ɗaure sai ta sauka, ƙirji ya ƙara faɗi, iska ta shiga huhu. In ta saki sai iskar ta fita. Baligi yana maimaita haka sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, yana barci ko yana farke. Shaƙuwa ma fizgarta ce. Jijiyar da ke sarrafa ta daga wuya ta sauko, shi ya sa matsalar da ta taɓa dayafaram, kamar kumburin jakar maɗaciya, kan sa a ji ciwo a kafaɗa.

Game da naka ciwon, bayaninka ya dace da abin da likitanka ya faɗa: ciwo mai bin motsi da numfashi, a jikin mai ɗaga nauyi, ga gwajin zuciya ya fito lafiya. Ka dakatar da tura ƙarfe har ciwon ya lafa, ka sha maganin da ya ba ka, ka dawo da ƙaramin nauyi tukuna. Yakan ɗauki makonni, na guringuntsi ma wani lokaci watanni. In ka taɓa jin wani abu ya tsinke lokacin ɗaga ƙarfe, jini ya kwanta a damtse, ko siffar ƙirjin ta sauya, to wataƙila tsokar ce ta yage, kuma wannan kan buƙaci tiyata da wuri.

Sai dai kada wani ya karanta wannan ya riƙa danna ƙirjinsa yana yanke wa kansa hukunci, don jin zafi in an danna bai wanke zuciya gaba ɗaya ba. Ciwon da ya zo kamar an ɗora nauyi a ƙirji, yana gangarawa hannu ko muƙamuƙi, da gumi da tashin zuciya ko sarƙewar numfashi, na garzayawa asibiti ne nan take. Masu ciwon sukari da mata da tsofaffi kuwa, ciwon zuciyarsu yana iya zuwa da gajiya ko haki kawai, ba tare da wani zafi mai tsanani ba.