Amsar Muryar Gwaggo Kan Jaririyar Talata Mafara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Gwaggo, na ji muryarki tun asuba, ina bakin aiki ne shi ya sa sai yanzu. Kin ce jaririyar kwananta uku, tana munshari ko idonta biyu, nono na dawo mata ta hanci, in ta yi kuka kuma ana hango ɗan nama fari-fari can bayan harshe. Shi ne tsofaffi suka ce a kira wanzami ya cire beli.

Don girman Allah Gwaggo, kada aska ta shiga bakin yarinyar nan. Akwai tsiron da ake haihuwar jariri da shi a maƙogwaro, ba kasafai ake ganinsa ba, ya fi fito wa 'ya'ya mata. Wani har da fata da gashi a jikinsa. Yawancinsu ba ciwon daji ba ne, ki kwantar da hankalinki. Abin tsoron, kan tsiron kawai ido ke gani, gindin yana can sama bayan hanci. Wani sa'in ma ba tsiro ba ne, rigar ƙwaƙwalwa ce ta zazzago ta wata 'yar kafa da ƙashin kai bai rufe ba. To wa zai yanka wannan a zaure?

Shi ya sa ake fara ɗaukar hoto. Likitan kunne da maƙogwaro zai zura siririyar kyamara ta hanci ya leƙa. Sai hoton na'urar da ake kira MRI, shi ke nuna tsoka da kitse da ruwa, ya nuna ko abin ya haɗe da cikin kai. Ba ya sakin tururin nan irin na eksire, sai dai ƙara da daɗewa, wajen rabin awa, kuma dole ta kwanta ba motsi. Wani hoton kuma da ake kira CT minti kaɗan ne, ƙashi ya fi nunawa, amma akwai tururin, sai da dalili ake yi wa jariri. Sikanin masu ciki kuwa ba ya gani da kyau a bayan ƙashi.

Yau ɗin nan a kai ta asibitin gwamnatin tarayya (FMC) na Gusau ko asibitin koyarwa na Ɗanfodiyo a Sakkwato, ai Mafara tana tsakani. A kwantar da ita ta gefe a mota, a bar ɗura mata ruwa ko rubutu. In leɓenta ya fara duhu ko ƙirji na lotsawa, a tsaya asibiti mafi kusa a sa mata iska.

Au, ku tafi da katin awon mai jegon. Ki tambaye ta ko an taɓa ce mata ruwa ya yi yawa a cikin, don jaririn da ba ya iya haɗiya a ciki haka yake jawowa.