Ki Raka Shi Zaure, Ki Dawo Wurin Matan

'Yata, na karanta babukan da kika turo har inda kika tsaya, na kuma ga tambayarki a ƙasa. Kin ce dogon labari kike rubutawa na gida ɗaya a birnin Kano, daga yaƙin Hitila har zuwa yaƙin basasa, amma kin maƙale. An ɗauki ɗan gidan aikin soja an tafi da shi ƙasar Bama, can gabas da Indiya, matan gidan kuwa ba wadda ta taɓa jin ƙarar igwa. Kina tambaya ko ki bi shi dajin don mai karatu ya ga yaƙi da idonsa, ko ki zauna a tsakar gida labarin ya yi sanyi.

Ki zauna. Ki raka shi zaure, in kin matsa ki kai shi tashar jirgin ƙasa, sannan ki juyo. Babin da kika gwada binsa shi ne mafi rauni a duk abin da kika turo, don daga ji aka ɗauko shi, kuma ba shi ya sa kika ɗauki alƙalami ba. Na lura duk inda uwar da surukarta suka haɗu a bakin murhu, hannunki yana sakewa. Can labarinki yake.

Amma ke marubuciya dole ki san inda yake a kowane wata, ko da matan ba su sani ba. Sojojinmu sun fara yaƙar Italiya a Somaliya da Habasha a 1941. Bayan haka aka haɗa manyan runduna biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82. Ta 81 ta sauka Indiya a 1943, ta shiga kwarin kogin Kaladan da ke Bama a 1944. Ta 82 ta biyo baya, suka haɗu wajen karɓe garin Myohaung daga hannun Jafan a Janairun 1945. Wata birget ɗin 'yan Najeriya kuma ta yi yaƙi cikin rundunar Chindit, wadda sunanta yake kan barikin Zariya har yau, kamar yadda barikin Dalet na Kaduna ya samo nasa sunan daga can. Yaƙi ya ƙare a 1945, amma da yawansu sai 1946 suka ga gida. Ki rubuta wannan a takarda ki manna a bango. Amfaninsa ki san cewa kusan shekara uku za ki cike da rayuwar gida, ki kuma san lokacin da wasiƙa za ta ɗauke saboda sun nutsa cikin daji. Kada ki kwashe shi ki zuba a bakin wata tsohuwa kamar mai karanta darasi.

Abin da za ki tambayi kanki shi ne ta wace ƙofa labarin yaƙi yake shiga gidan kulle a 1943. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a Janairun 1939, tana kawo labarin yaƙin da Hausa, amma mai boko ne yake karanta ta a dandali ko a zaure, maza na saurare. Kafin magana ta tsallaka soro ta isa wurin mata, ta bi ta bakin almajiri, ko dillaliya, ko yarinya mai talla, ta ragu ko ta ƙaru. Abu ɗaya da matan Kano suka gani da idonsu shi ne jiragen sama. Tun 1940 ana haɗa su a Takoradi da ke Gana ta yau, su biyo ta Legas su sauka Kano, su wuce Maiduguri da Fort Lamy (N'Djamena ta yau) da Hartum har Masar. Mace tana shanya a tsakar gida za ta ɗaga kai ta ga suna bin juna zuwa gabas, ba ta san ko ta nan aka bi da nata ba.

Wasiƙar da kika sa mijin ya aiko ita ce ta fi tsaya mini a rai, don a nan kika bar dukiya a ƙasa. Kin sa ya rubuta wa matarsa kalaman soyayya, ta shiga ɗaki ta karanta ita kaɗai. Ki sake tunani. Yawancin sojojin nan wani suke faɗa wa ya rubuta musu, kuma sun san a gida ma wani ne zai karanta a gaban mahaifinsu. Saboda haka wasiƙar za ta fara da gaisuwa ga maigida, ta bi baffanni da limami da mai unguwa, ta zo kan iyaye mata, ta tambayi damina da lafiyar jaki. Matarsa kuwa ba zai ambace ta ba. Iyakarta ya ce a gai da sauran mutanen gida. Ki tsayar da ita a bayan katangar zaure riƙe da ƙwaryar ruwan da aka aike ta ta kai wa baƙo, tana jin ana jero sunaye ɗaya bayan ɗaya, tana jiran wannan guntuwar jimla da ta san tata ce. In kin rubuta wannan da kyau, ba kya buƙatar kalmar so ko guda.

Haka ma uwar. Kin ce ɗanta na fari ne, sai kuma kika sa tana birgima tana kiran sunansa. Bahaushiyar wancan zamani ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, sau da yawa ma ba ita ta raine shi ba. Wadda ke da izinin rusa kuka ita ce goggon da ta riƙe shi, ko kishiyar uwar. Ita uwar sai dai ta tambayi labarin ɗan maƙwabta da suka tafi tare, ta dage a kan tambayar fiye da kima. Ran Juma'a ta soya waina ta raba wa almajirai ba ta faɗi dalili ba. Ta kai wa malam taro a ƙulle a bakin zane ta ce a taya ta da addu'a a kan wata buƙata. Kowa a gidan ya san buƙatar, ba mai furtawa. Ni a wurina wannan kunyar ita ce babbar baiwar da al'adarmu ta ba marubuci, don tana tilasta mana mu nuna da aiki abin da baki ya hana.

Sai maganar kuɗi, kuma kada ki raina ta. Jiragen ruwa sun koma jigilar yaƙi, kayan da ake kawowa daga turai suka yi wuya: gishiri, kananzir, yadi. Mai fitilar ƙwai ta koma aci-balbal da man gyaɗa. Tsadar yadin kanti ta sa zaren gida ya yi daraja, saboda haka ki sa matanki su gurza auduga, su shiɓe ta, su shafa alli a yatsa su murza mazari har dare, a kai abawa kasuwar Kurmi. Gyaɗa kuwa Turawa na nemanta ido rufe saboda mai, buhuna na taruwa a bakin tasha, mai ƙuli-ƙuli tana gogayya da manyan 'yan kasuwa a kan abin da za ta soya. Lissafinsu da anini ne da ɗari da kwabo da taro da sisi da sule. Kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Na ga naira ta sulale cikin babinki na uku, ki cire ta, sai 1973 ta zo. Ki cire bokitin roba ma. Ɗakin amaryar lokacin jeren ƙore ne da tasoshi. In ba ki samu ainihin farashin abu a rubuce ba, kada ki ƙaga. Ki nuna cewa abin da sisi ke saye bara, bana ba ya saye.

Akwai kuma kuɗin da ake yanka daga albashin soja a ba iyalinsa. Wa yake zuwa karɓa? Matar tana kulle, don haka uba ne ko wa. Nawa yake isowa hannunta? Ga rikicin da zai riƙe miki babi da yawa ba tare da kin mai da kowa mugu ba, don shi ma wan yana ciyar da ita da ɗanta cikin tsada, ga haraji yana jiransa.

Kin ambaci cewa amaryar 'yar ƙauye ce. Ki yi amfani da danginta. Da Jafan ta kama Maleya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai aka juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebi dubun dubatar talakawa daga lardunan Arewa ta hannun hakimai da dagatai, aka kai su aikin tilas a ramukan kuza, cikin sanyin da ba su saba ba da ƙarancin abinci, wasu can suka mutu. Waɗannan ba su sa kaki ba, ba a ba su lambar yabo ba, matansu ma ba wanda ya rubuta su. In ƙanin amaryar yana cikinsu, kin samu gida biyu da yaƙi ɗaya ya taɓa ta fuska biyu. In kuma tana da 'yar'uwa da ke aure a Maraɗi ko Damagaram, ki tuna Nijar tana hannun gwamnatin Faransa mai biyayya ga Jamus har ƙarshen 1942, ƙetare iyaka ya zama abin tsoro, zumunci ya yanke.

Inda nake so ki fi yin taka-tsantsan shi ne batun auren. Wasiƙa ta ɗauke, wani da aka sallamo da rauni ya ce ya ji an ce mijin ya mutu, iyayen yarinya suka ce ba za ta tsufa a gidan miji babu miji ba. Kada ki yanke hukunci da ka. A Risala, matar wanda ya ɓace ana yanka mata shekara huɗu daga ranar da ta kai ƙara, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Wanda ya ɓace a fagen fama yana da nasa bayani a wurin malaman Malikiyya, neman rabuwa saboda rashin ci da sha kuma wata ƙofa ce dabam. Ki zauna da malamin fiƙihu ki shimfiɗa masa labarin kamar shari'a ce ta gaske, ki ji yadda alƙali zai bi da ita. Mai karatunmu zai yafe miki kuskuren sunan kogi a Bama, ba zai yafe kuskuren idda ba. Kuma ina roƙonki, kada ki mai da yarinyar gunkin haƙuri. Shekarunta 17. Ki bar ta ta gaji, ta ji haushin wanda ya tafi, ta ji daɗin kuɗin kaɗinta da ba mai tambayarta, har ranar da ya dawo ta rasa ko murna take ko tsoro. Shi ma ba wanda ya tafi ne zai dawo ba: ga fam a aljihu, ga Turancin bariki, ga firgita cikin dare, ga ƙin durƙusa wa mai unguwa.

Game da tsawon labarin, abin da ke riƙe littafi na ɗaya da na biyu da na uku shi ne mutum ɗaya da mai karatu ya sani tun tana ƙarama. Kina da ita, ba ki lura ba: ƙanwar sojan, mai tallar fura. Ita kaɗai ce ke shiga kowane gida ta fita, ta ji zancen zaure ta ji na ɗaki. In shekarunta 9 a 1943, to 33 take a Yulin 1967 da yaƙin basasa ya tashi, tana da ɗa saurayi daidai shiga soja, a lokacin da rundunar Najeriya ta kumbura daga wajen 10,000 zuwa sama da 200,000. Yanzu ita ce uwar ɗan fari, ita ce ba ta iya kiran suna, sai dai wannan karon akwai rediyo a gidan, labari na shigowa kai tsaye babu mai tace mata. Kuma kada ki tsallake 1966. Matar Sabon Gari da take sayen man gyaɗarta shekara da shekaru ta bar Kano cikin kashe-kashen shekarar nan, ko ba ta samu fita ba. Labarin matan Kano a yaƙin basasa da ya kau da kai daga wannan bai cika gaskiya ba.

Ki je gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ki leƙa Arewa House, ki shiga Gidan Ɗan Hausa a nan Kano. Za ki samu rahotannin Di'o da na En'e a kan haraji da farashi da ɗaukar soja, amma maza ne suka rubuta su a kan maza. Sauran yana bakin tsofaffi, kuma masu tallar 1943 yau sun haura 90, saboda haka wannan shi ne aikin da ba ya jira. In kin zauna da tsohuwa kada ki ce ta ba ki labarin yaƙi, za ta ce ita ba ta san komai ba. Ki tambaye ta me aka jera mata a ɗaki, da me ake miya shekarar da gishiri ya yi wuya, wace waƙa ake yi a bakin dutsen niƙa, wa ya yi aure a unguwar wa ya fasa. Ki tafi da goro da turare, ki nemi izini kafin ki kunna rikoda, ki kuma sauya sunaye da unguwa in kin zo rubutu, don jikokinsu na nan da rai.

Ki fara da babin wasiƙar. Ki cire na dajin gaba ɗaya ki ajiye shi gefe, wataƙila wani yanki nasa ya yi amfani a bakin sojan bayan ya dawo, ranar da ya ga dama ya yi magana. In kin gama ki turo mini shi tare da jerin shekarun haihuwar kowa a gidan, don na ga goggon tana neman girmar yayanta. Ki gaida mahaifiyarki.