Ina za mu samu tallafin koya wa manoma rainon itatuwa a gona?

Tambaya: Mu ƙungiyar ƙananan manoma ce a arewacin Jigawa, gonakinmu kadada ɗaya zuwa uku. Iska na kwashe mana ƙasa, itacen girki ya yi wuya. Akwai masu ba da kuɗin horo? Me za mu rubuta musu?

Amsa: Akwai, Malam, amma ba sa ba mutum ɗaya, ƙungiya mai rajista da asusun banki suke ba. Ƙofa ta farko ita ce shirin ƙananan tallafi na asusun kare muhalli na duniya (GEF) da ke hannun hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya (UNDP), wanda a da iyakarsa dala 50,000 ce, kuma yana son ganin gudummawarku, ko da ta fili ce da aikin gayya. Ta biyu shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace mai suna ACReSAL, na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700, wanda ya shafi jihohin arewa 19 da Abuja. Shi ta ofishinsa na jiha ake bi. Duk wanda ya ce ku biya kuɗin fom ta waya, ku rabu da shi.

Inda takardu suka fi faɗuwa shi ne kasafi. Sai a zuba yawancin kuɗin a dashe da taron otal, alhali dashen da ba shi da ruwa da shinge ba ya kai rani biyu. Ku nemi kuɗin koyon sassaben zamani, wato rainon tohon kututturen da ke gona maimakon dasa sabon itace, wanda ya fara yaɗuwa a Maraɗi daga 1983 da aikin wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, har ya farfaɗo da kadada kusan miliyan 5 a Nijar. Kututturen kalgo, sabara, magarya da gawo suna nan a gonakinku, saiwarsu da rai.

Ga abin da horon zai ƙunsa. Lokacin sharar gona, maimakon a sare toho duka a ƙone, a zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa a kowane kututture, a cire saura. A datse ƙananan rassan gefe zuwa rabin tsayin reshen kawai. In an wuce haka iska ko akuya za ta karya shi. A yi saran daga ƙasa zuwa sama da adda mai kaifi, don saran da ya gangaro yana yage ɓawo, ruɓa ta shiga. A ɗaura jan ƙyalle don a san mai shi na so. Bayan wata biyu zuwa shida a dawo, domin sabon toho zai fito. Gawo kuwa ku riƙe shi da kyau: da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana.

Saboda haka kaso mafi girma na kasafin ya tafi ga manoman da za su zagaya gona-gona suna koyarwa shekara biyu, da adduna, da kai mutanenku su ga gonar da aka yi hakan. Ku sa mata a ciki, su ke neman itace.

Kafin ku miƙa takarda, ku zauna da mai gari, da ardon Fulani, da malamin daji, a rubuta wa ke da ikon itacen da aka raina, da yadda za a sassabe wa dabbobi ganye ba tare da kashe shi ba. Mai noman gonar aro ko haya ba zai raini itace ba sai an fayyace rabonsa. Ku haɗa wannan yarjejeniya da takardar neman tallafin, tare da ƙidayar kututturen kowace gona, don da ita za a auna aikinku a ƙarshe.