Ni ba mai yawan magana ba ne, zan iya kasuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Shekara biyu ke nan da na buɗe ɗan shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari. Kayana masu kyau ne, farashina bai fi na kowa ba. Amma maƙwabcina da na riga shi shiga kasuwar, har bashin kaya manya ke ba shi, ni kuwa sai kuɗi hannu. Abokaina sun ce shiru-shiruna ne ke cutata. Ina mafita?
Wani matashi daga Fagge, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka ƙaƙaba wa kanka surutu. Attajirin da zai ba ka dila goma bashi ba daɗin baki yake nema ba, so yake ya san ka, ya kuma san wanda ya san ka.

Tun da can haka abin yake. Fataken da ke zuwa Salaga, a ƙasar Ghana ta yau, sayen goro, a gidan fatoma, wato mai masaukin fatake, suke sauka, shi ne ke tsaya wa baƙo har a amince da shi. A cikin wannan fataucin Alhassan Ɗantata ya taso, kafin ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma.

Kawuna ya yi shekaru yana sayar da goro, kuma ban taɓa ganin mutum mai ƙarancin magana kamarsa ba. Amma kullum da safe, kafin ya kwance huhu ko ɗaya, sai ya bi rumfa-rumfa ya gaisa. Ya san wanda mahaifiyarsa ke kwance, zai tambayi jikinta. Ba ya fashin jana'iza ko suna, ko da ana ruwa. In ya ce Alhamis zai biya, da la'asar ɗin Laraba kuɗin na hannun mai su. Ranar da kayansa suka ruɓe a mota, mutum uku ne suka zo har gida suka sake ɗora masa jari. Ina tsakar gida na ga hawayensa.

To kai, yaushe rabonka da zuwa ta'aziyyar wani a layinku? Zumunta a ƙafa take. Ka riƙa sallah a masallacin layin, ka zauna teburin mai shayi ko na minti goma ne. In mai saye ya nemi abin da ba ka da shi, ka raka shi shagon maƙwabcin nan naka.

Bayan 'yan watanni, ka roƙi dattijon da ya saba da gaisuwarka ya kai ka wurin mai kaya. Turmi biyar kawai za ka nema, kada ka wuce haka, ka kai kuɗin kwana ɗaya kafin ranar da kuka yanka.