Ina Jidda: Zan Iya Duba Rajistar Masu Zaɓe In Sa A Cire Sunan Mahaifina?

Tambaya: Malam, ni ɗan Kano ne mazaunin Jidda. Mahaifinmu ya rasu, amma ƙanina ya ce har yanzu sunansa na cikin rajistar masu zaɓe. Shin talaka na da ikon ganin rajistar nan, ko sai 'yan siyasa? Me zan iya yi daga nan?

Amsa: Alhaji, Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Kana da iko, don rajistar ba sirrin gwamnati ba ce. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta wajabta wa hukumar zaɓe ta INEC ta kafe sunaye na kwana 7, aƙalla kwana 90 kafin babban zaɓe, domin jama'a su duba su kai ƙorafi. Ta kuma ba kowane mutum ko jam'iyya damar biyan kuɗi a ba shi kwafin rajista mai hatimin hukuma.

Daga 12 zuwa 25 ga Nuwamban 2022 an kafe sunayen a mazaɓu da ofisoshin ƙananan hukumomi 774, aka kuma ɗora su a intanet. Nan ne mutane suka riƙa zaƙulo hotunan yara ƙanana da fuska ɗaya mai suna biyu. Sunaye 93,522,272 aka baje, aka cire 53,264 bayan ƙorafi, saura 93,469,008. A ganina abin da aka cire ya yi kaɗan ƙwarai, kuma dalilin a fili yake: mu Musulmi muna binne mamaci ranar da ya rasu, a yi zaman makoki a watse, da wuya wani ya je ya karɓo takardar shaidar mutuwa. Hukuma kuwa ba za ta goge suna a kan jita-jita ba. Na'urar BVAS mai tantance yatsa da fuska ta rage amfani da katin mamaci, amma barin sunan na kumbura alƙaluma, kuma ƙofa ce ga masu maguɗi.

Daga Jidda za ka iya shiga shafin INEC da wayarka ka duba ko sunan na nan. Ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda ba ya wannan aiki, tunda har yau mazauna ƙetare ba sa ƙuri'a daga waje. Don haka ƙaninka ne ƙafarka. Ya fara zuwa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ya karɓi takardar mutuwa, sannan ya haɗa da katin zaɓen marigayi ya kai ofishin INEC na ƙaramar hukumarku. Idan lokacin kafe sunaye ya zo, ya cike takardar ƙorafi a mazaɓarku, ya ɗauki hotonta ya turo maka ka ajiye.