Nima haka tawa ta ruɓe a cikin kwalba

Wallahi 'yar uwa da na karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi, kamar labarina kika ɗauko. Kin ce ganyen shukar cikin kwalbarki ya yi laushi yana baƙi, ga wani farin abu kamar auduga ya hau kan ƙasar, kina tambaya ko ƙishirwa ce ki ƙara ruwa. Dan Allah kar ki ƙara ko ɗigo, wannan farin abun fumfuna ce, kuma ruwan ne ya kawo ta.

Ni tawa ta farko wajen wata mai sayarwa a intanet na saya, kwasar adashina guda na zuba a ciki. Ta haɗa min kaktus, wata shuka mai ƙaya, da gansakuka a kwalba ɗaya mai murfi, ta ce in dinga fesa ruwa safe da yamma in ajiye a taga ta sha rana. A watan Afrilu fa, a Kano, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Na tafi biki Zariya kwana uku, ina dawowa ko mayafi ban cire ba na nufi tagar, na tarar gilashin ya yi gumi sharkaf, ina ɗaga murfi wani wari ya buge ni kamar miyar alayyahu da ta kwana, kaktus ɗin kuwa ina taɓa shi ya fashe a hannuna, duk cikinsa ya zama ruwa. A bakin gado na zauna na yi ta kuka, don kullum na idar da sallar asuba ita nake fara dubawa. Na tura wa mai sayarwar hoto, buɗar bakinta sai cewa ta yi wai ni ce ba ni da hannun shuka, na sake magana ta toshe ni. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, saboda ta san kaktus ɗan busasshiyar ƙasa ne, gansakuka kuma danshi take so, ta haɗa su don hoto ya yi kyau kawai ta karɓi kuɗina.

To yau ɗin nan ki cire murfin, ki yanke duk ganyen da ya ruɓe, ki sa cokali ki kwashe fumfunar har da ƙasar da ke ƙarƙashinta, ki bar ta a buɗe kwana biyu ko uku. In da kaktus a ciki fitar da shi, ki ba shi tukunyarsa mai huji. Kin ga kwalba ba ta da huji, ruwan da kika zuba ba inda za shi, turiri yake yi ya hau gilashi ya gangaro ya koma ƙasa. Akwai wani dattijo a Ingila, David Latimer, da ya shuka tasa a 1960, rabonsa da ba ta ruwa tun 1972 ya toshe bakin, ta ci gaba da rayuwa shekaru da dama. Ni kuwa an ce min safe da yamma!

Kuma ki ɗauke ta daga taga, haske take so amma rana kai tsaye dafa ta take yi. Tawa ta yanzu fitoniya ce, mai jijiyoyi ja a ganye, tsakuwa na fara zubawa sai dakakken gawayi sannan ƙasa, gansakukar ma a gindin katangarmu na ɓamɓaro a watan Agusta, ko sisi ban kashe ba. Ruwan sama nake tara mata don na rijiyar burtsatsenmu farin tabo yake bari a gilashi. Da hunturu kam a rufe nake barinta, in ba haka ba ƙura da bushewar iska su gama da ita. Yara ma sai kin sa ido, ɗan maƙociyata ya taɓa juye min lemo a ciki.

In kin ga ɗan gumi da safe ya baje kafin azahar, lafiya lau take. Ki turo mana hoton gindin kwalbar mu ga ko ruwa ya kwanta a cikin tsakuwar, in ya kwanta sai kin sake dashe.