Amsa ga ƙanenmu kan motar nan mai ɗakin kwana da yake son saya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa na wannan zaure, barkanmu da yamma, da fatan an tashi daga aiki lafiya. Ƙanena, na saurari saƙonka tun daren jiya, na kuma duba hotunan da ka turo, amma ban so in amsa a gurguje ba, domin magana ce ta kuɗi masu kauri, kuma akwai lafiyar yara a cikinta. Saboda waɗanda ba su ji tambayar ba, ɗan'uwanmu da ke zaune a Birmingham ta ƙasar Birtaniya ya ga tallan wata Volkswagen Transporter ƙirar 2011 mai shan dizal, wadda mai ita ya mayar da bayanta ɗaki da hannunsa, ya sa gado da murhun gas da ɗan firiji da rufin da ake ɗagawa sama. Ta yi tafiyar mil 160,000, ana neman fam 16,000, kuma mai ita ya ce a tura masa kafin alƙalami na fam 500 domin ya ajiye ta zuwa Asabar. Yana tambaya ko ta cancanci kuɗin da kasadar, ga shi da maiɗakinsa da yara uku, ƙaramar cikinsu shekararta huɗu.

Abu na farko, tun kafin komai, kada ka tura wa kowa ko sisi a kan motar da ba ka gani da idonka ba. Tallan irin waɗannan motoci a Facebook yana cikin hanyoyin da 'yan damfara suka fi bi, domin ɗaukar hoton motar wani a saka ba ya da wuya. Idan mutumin kirki ne, zai yarda ka je gidansa, wato adireshin da ke rubuce a takardar motar, ka gan ta a ƙofarsa da rana tsaka.

Ban raina sha'awar taka ba ko kaɗan, domin ni ma ita ta ja ni na sayi irinta, na riƙe ta shekara huɗu kafin in sayar. Wanda ya taɓa fita da iyali zuwa ƙauyukan ƙasar nan ya san wahalar neman abincin halal da wurin alwala, ya kuma san yadda uwargida take takura a masaukin da ba nata ba. Da irin wannan mota, tukunyarku tana tare da ku, butarku da darduma suna tare da ku, inda lokacin salla ya riske ku nan za ku tsaya. Daren da muka kwana a gefen wani tafki a yankin Lake District na arewacin Ingila, yarana suka tashi da asuba suna kallon hazo a kan ruwa, har yau suna ba da labarinsa. Wannan daɗin gaskiya ne, kuma ba zan rage masa daraja ba.

Sai dai tambayar da ban yi wa kaina ba a lokacin, ita nake so ka yi wa kanka yau: dare nawa za ku kwana a cikinta a shekara? A shekarar farko mun kwana kusan talatin, saboda ɗoki. A shekara ta uku, da na zauna na ƙirga, dare 12 ne kacal. Alhali inshora, da harajin hanya, da gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT, da sabis, da kuɗin filin da nake ajiye ta, da ƙananan gyare-gyare, sun ci mini wajen fam 2,000 a wannan shekarar, ban sa mai a lissafin ba, ban kuma sa kuɗin sansanin da muke sauka ba. Ka raba 2,000 gida 12, za ka ga kowane dare ya tsaya mini sama da fam 160, a kan motar da na riga na biya kuɗinta. Dalilin raguwar kuwa ya shafe ka kamar yadda ya shafe ni. Babban hutun makaranta a nan mako shida ne, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, kuma shi ne kaɗai lokacin da mu muke samun damar kai yara gida su ga kakanninsu. Duk shekarar da aka tafi Najeriya, motar ta yi bazararta a ajiye. Cire yara daga makaranta a tsakiyar zango kuwa tara yake jawowa. Daga Nuwamba zuwa Maris sanyi da duhu ba sa barin mutum ya yi marmarin kwana a waje da ƙaramar yarinya. Kai kuma mai aikin asibiti ne, ba kowace Asabar ce taka ba. Don haka ka ɗauko kalanda, kai da maiɗakinka, ku ƙirga kwanakin da gaske, ba waɗanda zuciya take fata ba.

Yanzu ga ita motar kanta. Dizal ce ƙirar 2011, wato injinta bai kai matakin hayaƙin da ake kira Euro 6 ba, kuma wannan matakin ake nema ga dizal a yankunan tsabtace iska. Tun 1 ga Yuni 2021, duk ranar da irin wannan mota ta shiga tsakiyar Birmingham, cikin zoben titin A4540, sai an biya fam 8. A Landan, tun 29 ga Agusta 2023 dokar ta game dukkan unguwannin birnin, kuma fam 12.50 ne a kullum. A Glasgow ma ba biya ake a shiga ba, tara ake ci, farawa daga fam 60. Ka ce kana tunanin sayar da ƙaramar motarka ka riƙa zuwa aiki da wannan domin rage nauyi, to ka fara duba ko hanyar aikinka tana ratsa zoben nan. Ka ƙara da cewa dizal ba ta son gajeriyar tafiya ta cikin gari, matatar da ke tare toka a bututun hayaƙinta takan toshe, kuma gyaranta ba araha ba ne. Da rufin nan na ɗagawa, ka auna tsayinta kuma, domin wuraren ajiye motoci da yawa suna da shingen ƙarfe a sama wanda bai wuce mita biyu ba.

Mil 160,000 ba su ne suka fi tayar mini da hankali ba, domin inji idan ya samu kulawa yana wuce haka. Abin da nake nema shi ne shaidar kulawar, wato rasit, musamman na canjin bel ɗin taimin da famfon ruwa, da na kuloci. Idan bel ɗin nan ya tsinke ana cikin gudu, injin yakan tafi gaba ɗaya. Takardu kuwa binciken su ba ya ɗaukar rabin awa. Da lambar motar kaɗai za ka ga tarihin MOT ɗinta kyauta a shafin gwamnati, da adadin mil na kowace shekara, da duk abin da masu gwaji suka yi gargaɗi a kai. Idan ka ga kalmar tsatsa tana maimaituwa shekara bayan shekara, ko adadin mil ya koma baya, magana ta ƙare. Sannan ka biya 'yan fam kaɗan a yi maka binciken tarihi, a gano ko akwai bashin kamfanin lamuni a kanta, ko ta sata ce, ko inshora ta taɓa yanke mata hukuncin mummunan haɗari. Takardar rajistar mota ta V5C da hukumar lasisi da rajistar motoci, wato DVLA, take bayarwa tana nuna wanda motar take hannunsa ne kawai, ba hujjar mallaka ba ce, kuma an rubuta haka a jikinta.

Inda nake so ka tsaya da kyau shi ne ruwa, na ƙasa da na sama. A ƙasar nan ana watsa gishiri a tituna duk lokacin sanyi, kuma gishirin nan yana cin ƙarfen gindin mota a hankali, ta inda ido ba ya kaiwa. Fenti mai sheƙi a hoto ba ya gaya maka komai. Sai an kwanta a ƙasa da tocila, an duba ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi da bakunan tayoyi, an danna, an ji ko yana da ƙarfi ko yana ɓarɓashi. Idan aka ga baƙin shafe sabo fil a gindin tsohuwar mota, a tambayi abin da aka rufe. Na sama kuma shi ne wanda ya cuce ni. Duk inda aka yanka jikin mota domin a sa taga ko rufi, an buɗe wa ruwan sama hanya, sai dai in an liƙe da gwaninta. Tawa ta yi watanni tana ɗiga ta gefen tagar rufi, ruwan yana bin bayan katakon bango yana taruwa a ƙarƙashin daɓe, ban sani ba sai ranar da ƙafata ta ji katakon ya yi laushi. Sai da aka cire kabad da gado gaba ɗaya kafin a kai ga ɓarnar. Saboda haka idan ka shiga, ka fara da hancinka. Warin rima ko ƙamshin turaren da aka fesa da yawa, duka biyun saƙo ne. Ka ɗaga katifa, ka buɗe kowane kabad, ka shafa kusurwoyi, kuma a je da na'urar auna danshi, ba ta da tsada.

Abin da ya hana ni amsa maka jiya kuwa shi ne cewa mai motar da kansa ya yi aikin gas da na lantarki. Dukanmu mun san labarin iyalan da suka kwanta da gawayi a ɗaki a rufe lokacin hunturu, ko da janareta a kusa da taga, aka wayi gari babu wanda ya tashi. Iskar gubar da ke kashe su, wadda ake kira carbon monoxide, ba ta da wari ba ta da launi, kuma ita ce murhu ko na'urar ɗumama ɗaki take fitarwa idan ba a haɗa ta daidai ba, ga ɗakin motar bai kai rabin ɗakin kwanan yara ba. Silindar gas tana bukatar akwatinta a rufe, mai huda a ƙasa, domin gas ɗin ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya. Ka nemi takardar shaida daga ma'aikacin da ke cikin rajistar Gas Safe mai izinin aikin irin waɗannan motoci. In babu, a sa a farashi cewa sai an kira shi ya duba kafin kowa ya kwana a ciki, a kuma maƙala ƙararrawar da ke gano iskar.

Haka batun kujeru. A hoton na ga uku a gaba, biyu a baya, wato ku biyar kun shiga cif, amma kujerar bayan ita ce gadon da ake miƙewa da dare. Irin wannan kujera akwai wadda aka gwada ta a kan haɗari aka ba ta shaida, akwai kuma wadda aka yi walda aka ɗaure a daɓe da 'yan kusoshi. A dokar nan yaro yana zama a kujerar yara har ya kai shekara 12 ko tsayin santimita 135, kuma kujerar yaran ba ta da wani amfani idan abin da aka ɗaure ta a kai zai tumɓuke. Wurin kwana kuma na mutum huɗu ne, biyu a ƙasa biyu a rufi, don haka na biyar sai an ƙara rumfar tanti a gefe. Ka duba farantin nauyi ma, domin waɗannan motoci akwai mai iyakar kilo 2,800, akwai 3,000, akwai 3,200, kuma katako da batir na biyu da tankin ruwa sun riga sun cinye wani kaso kafin ku hau da kayanku. Lasisinka na Birtaniya ya ishe ka tuƙa ta, tunda ba ta kai kilo 3,500 ba. Inshora kuma wajibi ne a gaya musu duk canjin da aka yi wa motar, in ba haka ba ranar da aka bukace su za su iya zamewa.

Ka ce in ta gundure ka za ka tura ta gida a yi amfani da ita. Ka cire wannan daga lissafi. Sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma doka ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba, ga shi juya sitiyari aiki ne da ba na ba wa ɗan'uwa shawarar ya ɗora iyalinsa a kai. Ka kuma sani cewa saye a hannun mutum ba kamar saye a hannun dila ba ne. Dokar kare masu saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar wa dila mota idan ta zo da aibi, amma a cinikin mutum da mutum, in dai bai yi maka ƙarya a bayaninta ba, abin da ya ɓullo daga baya naka ne. Idan kuma sai ka ci bashi mai ruwa za ka cika kuɗin, ni dai ban ga dalilin da mutum zai shiga riba saboda abin shaƙatawa ba.

Ra'ayina, tunda shi ka nema, kada ka sayi wannan a wannan makon. Ka yi hayar irinta na dare huɗu ko biyar a hutun tsakiyar zango mai zuwa, ku tafi Wales ku biyar, ruwa ya same ku a ciki, ku ga yadda girki da alwala da kwanciyar yara suke a wuri mai faɗin tabarma biyu, sannan ka saurari abin da maiɗakinka za ta ce, domin yawancin hidimar a kanta za ta faɗa. Kuɗin hayar bai kai abin da gyaran kuloci ɗaya zai ci maka ba. In kun dawo kuna son ƙari, kuma kalanda ta nuna muku aƙalla dare 30 a shekara, sai mu nemi wadda ta kai Euro 6, wadda sanannen kamfani ya yi aikin ɗakinta da takardunsa, a saye ta a ƙarshen kaka lokacin da masu sayarwa suka fi sassauci, kuma ka bar wani abu a asusu na gyaran shekarar farko.

Idan duk da haka ranka yana kan wannan ɗin, turo mini lambarta a keɓe yau da daddare in duba tarihinta, ka kuma gaya wa mai ita kada ya tayar da injin kafin mu iso, domin ina so in ji shi da sanyinsa. Asabar bayan azahar ina da sarari, zan taho da tocila da na'urar auna danshi in sha Allahu. A gaida maiɗakin naka da yaran. Wassalamu alaikum.